Malam, ga yadda za ka sa ƴan lise (babbar sakandare) su riƙa karanta darasin kimiyya suna ganewa

Wannan maganar da ku nake ƴan uwana malaman SVT (kimiyyar rayuwa da ta ƙasa) da na fizik-shimi, na cikin Damagaram da na Mirriya, Magarya, Matamaye, Tanut, Gure, duk inda mutum ke riƙe da alli a gaban ƴan sekond zuwa tarminal, wato azuzuwa uku na lise. Yaranmu da yawa ba kimiyyar ce ke kada su a bak, jarrabawar gama lise, ba, karatun ne ke kada su. Yaro zai karanto maka shafi guda na faransanci tiryan-tiryan ba gargada, ka ce to rufe kaye ka gaya mini me aka ce ko da Hausa ne, sai ya tsaya yana kallon tablo. Kuma fa ba daƙiƙi ba ne, wannan yaron in ka bi shi kasuwar Dole za ka ga yana canjin naira da sefa da ka kafin kai ka ciro waya daga aljihu. Abin da ya faru shi ne tun CI, ajin farko na firamare, yake karatu da harshen da ba a yi da shi a gidansu, aka sabar masa da a yi dikte ya kwafa ya haddace ya zuba ranar debuwar, wato jarrabawar aji, ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya nuna masa yadda ake shiga rubutun kimiyya a ciro abin da ke ciki. Mu mun bar wa malamin faransanci, shi kuma yana can yana fama da adabi da disertasiyo, ba shi zai koya musu karanta sakamakon gwaji ba. Aikinmu ne, kuma ana iya yin sa ko aji ya kai mutum 80 ko ba littafi ko ɗaya.

Fara da rubutun kansa. Kada ya wuce rabin shafi, layi 15 zuwa 20 ya isa, abu guda yake magana a kai. In akwai kuɗin fotokopi takarda ɗaya ta isa benci guda na mutum uku, in babu ka zo da wuri ka rubuta a tablo, ko ka ɗauki hoto ka tura a gurup na WhatsApp tun da dare masu waya su kwafa su taimaki marasa ita. Abu ɗaya da mutane ke rainawa: sa lamba a layuka, 5, 10, 15 a gefe. Wannan ƴar lambar ita ce za ta ba ka damar yin tambayar da ta fi kowace amfani a ajin, wato "a wane layi ka gani?"

Kafin su karanta ko kalma ɗaya, sai ka tayar da gardama. Misali za ku shiga fotosentez, wato yadda tsiro ke haɗa abincinsa da hasken rana, ka rubuta jimloli uku a tablo: nauyin itacen gawo daga ƙasa ya same shi, tsiro ba ya numfashi da rana sai da dare, taki shi ne abincin hatsi. Kowa ya rubuta na yarda ko ban yarda ba a kayensa, sannan a ɗaga hannu ka ƙirga ka rubuta adadin a gefen tablo. Kada ka gyara kowa, ko fuskarka kada ta nuna, wannan wurin yana da wuya ga malami don bakinmu ya saba da saurin gyara. Za ka ga kusan duk ajin sun yarda da ta farko, kuma suna da hujja, ɗan manomi ne ya ga gonar da aka kai wa taki ta fi wadda ba a kai wa ba. To yanzu sai ka raba musu labarin gwajin wani masanin Turai mai suna van Helmont, wanda aka buga a 1648. Mutumin ya auna busasshiyar ƙasa wajen kilo 90 ya zuba a tukunya, ya dasa ɗan itace mai wajen kilo 2, shekara biyar ba abin da yake ba shi sai ruwa. Da ya sake aunawa itacen ya kai wajen kilo 77, ƙasar kuwa abin da ta rage bai wuce giram 60 ba. Yaron da ya ɗaga hannu ɗazu ya ce daga ƙasa ne, yanzu ba don ka tilasta masa yake karatu ba, yana karatu ne don ya ga ko an kada shi, kuma wallahi karatun mai neman hujja daban yake da karatun mai jiran a buga ƙararrawa. Daɗin wannan labarin shi ne van Helmont ɗin ma bai gama cin gaskiya ba, shi cewa ya yi duka daga ruwa ne, bai san da iskar karbon dayoksid da ganye ke sha ba. Sai ka bar su da tambaya, in ba ƙasa ba ce kuma ba ruwa kaɗai ba, to me ya rage? Daga nan ƙofar darasin ta buɗe da kanta. In an gama a koma kan jimlolin nan uku a sake ɗaga hannu, wanda ya canza ra'ayi ya faɗi layin da ya canza shi.

Haka za ka yi da palu, wato zazzaɓin cizon sauro, a ce sabon hatsi ko dukan ruwan sama ke kawo masassarar damina, haka da sikila, haka da cewa dutse babba ya fi ƙarami saurin faɗuwa saboda nauyinsa kawai. Abin da yaro ya taso da shi daga gida ba ya fita don ka yi dikten gaskiya a kansa, sai an fito da shi fili an kira sunansa an nuna inda ya karye.

Sai karatun kansa. Satin farko kai za ka karanta, amma ba irin karatun mai labarai a rediyo ba, karanta kana magana da kanka a fili su ji yadda kan mai karatu ke aiki. Ka karanta jimla ka tsaya ka ce, to nan an ce "ce dernier", wa ake nufi, bari in koma baya, sunaye biyu ne a jimlar da ta wuce, glucose da oxygène, na ƙarshen shi ne oxygène, to shi ake nufi. Ka ci gaba ka ce, ga "en revanche", ke nan abin da ke tafe kishiyar wanda ya wuce ne. Mu malamai hankalinmu na kan manyan kalmomi, mitochondrie, électrolyse, amma gwada ka gani, ka tambayi ajin sekond me "celle-ci" ke nuni da shi a layi na 7, za ka sha mamakin amsoshi iri huɗu da za su fito. Waɗannan ƙananan su ne ke riƙe da ma'anar: donc, car, or, cependant, sauf, ne...que, si...alors. Yaron da ya tsallake "ne...que" ya juya jimlar gaba ɗaya, wanda bai bambance car da donc ba ya mai da dalili sakamako, kuma kimiyya ai dalili da sakamako ce. Ni ina ganin ya dace a rubuta su a kwali a manna a bango su zauna duk shekara, gefe guda masu kawo dalili, gefe guda masu kawo sakamako, gefe guda masu kawo saɓani.

Bayan sun ga yadda kake yi sai su karanta da bik a hannu. Alama uku kawai kada a cika musu: alamar tambaya inda ba su gane ba, layi a ƙarƙashin jimlar da ta fi muhimmanci, zobe a kan ƙananan kalmomin nan. Kuma ka yaba wa mai alamar tambaya da yawa a gaban kowa, don yaranmu suna jin kunyar cewa ban gane ba, musamman ƴan mata da ke can baya, sai ka nuna musu cewa gano inda ka ɓace shi ma gwaninta ce.

Manyan kalmomin kuwa kada ka jibga musu ashirin a darasi guda, biyar sun isa. Yawancinsu guntaye ne aka haɗa daga Girkanci da Latin, in yaro ya riƙe guntu talatin ya buɗe ɗaruruwa: photo haske, hydro ruwa, lyse farfasawa, synthèse haɗawa, endo ciki, exo waje, hyper ya yi yawa, hypo ya yi kaɗan, in kalma ta ƙare da ase yawanci anzim ce, in da ose sau da yawa sukari ne. Ranar da ya haɗu da hydrolyse zai ce farfasawa da ruwa tun ba ka buɗe baki ba. Waɗanda suka fi haɗari su ne kalmomin da yaro ke zaton ya sani, travail, puissance, solution, milieu, moment. Ya san su a titi da wata ma'ana, a fizik kuma wata ce. Mafi muni poids da masse, don mu duka nauyi muke ce musu, a kasuwa ma da faransanci ana cewa poids ana nufin kilo. Wannan sai an tsaya an raba shafi gida huɗu, ma'ana da bakin yaron, yadda ake aunawa da abin aunawa, misali, da kuma abin da ya yi kama da shi amma ba shi ba. Gidan ƙarshen nan shi ne mai aiki.

Maganar Hausa a aji, na san akwai abokan aiki da ke ganin kamar rage daraja ne ko ɓata yara. Ni ban yarda ba. Ku duba makarantar zaure, ɗalibi ya karanto gaɓa guda ta Larabci, malam ya fassara da Hausa, a ci gaba, da haka aka fitar da malaman da suka iya Larabcin har suna rubuta littattafai da shi. Tun 2025 ma kundin ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, faransanci da turanci harsunan aiki, amma takardar bak da faransanci take zuwa, saboda haka tafiyar zuwa da dawowa ce. A karanta da faransanci, kowa ya juya ya bayyana wa na kusa da shi da Hausa minti biyu, ko da Kanuri ko Fulatanci in shi suka fi ji su biyun, sannan kowa ya rubuta jimla ɗaya da faransancin kansa ba tare da ya kalli takarda ba. A wurin bayanin Hausar nan asiri ke tonuwa, mai hadda ba ya iya fassara abin da bai gane ba, kai kuma kana zagayawa kana ji, cikin minti biyu ka san inda ajin ya maƙale. Abin da ba a so shi ne a tsaya a Hausar ba a dawo ba.

Aiki a rukuni kuma ba sai an ja benci ana ƙara ba, na gaba su juyo su fuskanci na baya shi ke nan. Akwai wata hanya da wasu mata biyu masu bincike a Amurka, Palincsar da Brown, suka fitar a 1984, aiki huɗu ake rabawa: ɗaya ya yi hasashen abin da sakin layin zai faɗa daga takensa ko hotonsa, ɗaya ya tsamo wuraren da suka yi duhu a warware, ɗaya ya ƙirƙiro tambaya, ɗaya ya taƙaita. Sakin layi na gaba a yi musanya. A rukuni mai mutum shida sai a ba aiki biyu mutum biyu-biyu. Ranar farko hayaniya za ta yi yawa har surbeyan ya leƙo, kuma tambayoyin da za su ƙirƙiro duk irin "mene ne kaza" ne, kada ka karaya, ka hana tambayar da amsarta ke kwance a layi guda, ka ce sai wadda ta fara da "me ya sa" ko "me zai faru in". Sannu a hankali za su kama. Ka kula kuma kada gwanin aji ya cinye aikin huɗun shi kaɗai sauran suna kwafa, shi ya sa in za a ba da amsa kai ne ke zaɓar mai magana, ba su ba.

Yanzu ga inda maki ke zubewa a seri D da C, ɓangarorin ƴan kimiyya, wato zane da jadawali. Yaranmu suna tsallake su kamar ado ne aka sa a shafi, alhali a bak rabin tambayar na ciki. Koya musu tsari guda su bi shi har ya zama jiki: kan zanen me ya ce, layin kwance me yake aunawa da wane ma'auni, layin tsaye fa, sannan a bi layin da yatsa a faɗi inda ya hau, inda ya tsaya, inda ya sauka, da lambobi. Fara da abin da suka sani, zanen ruwan saman Damagaram wata-wata, wajen milimita 400 a shekara, watanni da yawa ba ko ɗigo sai a ga ya tashi ya kai ƙololuwa a Agusta. Ba wanda zai ɓace a wannan don a jikinsa ya san shi, daga nan sai ka kai su zanen anzim da zafi ko na sukari a jini. Kuma a nan ne za ka raba musu kalmomin umarni da ke kada su kowace shekara. Analyser, faɗi abin da idonka ya gani da lambobi, ba dalili. Interpréter, kawo dalilin da ya sa haka daga abin da ka koya. Déduire, jimla ɗaya ta abin da ya fito daga waɗannan biyun. Yaro zai ga kalmar glycémie a tambaya ya juye duk darasin da ya haddace shafi biyu, ya fito yana murna, alhali ba abin da aka tambaye shi ke nan ba. Kafin kowa ya fara amsa, ya ja layi a ƙarƙashin kalmar umarnin ya faɗa da Hausa me ake so ya yi.

Jadawalin gadon jini na sikila ma karatu ne. Uba AS uwa AS, gida huɗu, AA ɗaya, AS biyu, SS ɗaya. Kowa zai cike shi daidai, amma tambaye su ma'anarsa, da yawa za su ce in aka haifi ƴaƴa huɗu ɗaya ne zai yi sikila, in na fari ya yi sauran sun tsira. Ba haka ba ne, kowane ciki da nasa ɗaya cikin huɗu, ana iya samun biyu a jere ana iya rasa ko ɗaya. Wannan ba maganar maki kaɗai ba ce, waɗannan yaran nan da ƴan shekaru za a kai su gwajin jini kafin aure, kuma kusan kowa a ajin ya san gidan da ake fama da ciwon nan, don haka a yi darasin da tausasawa.

In ka ce ba littafi, garin cike yake da abin karantawa. Kawo buhun takin zamani wanda aka juye, an rubuta NPK 15-15-15, 50 kg, su karanta su gaya maka kilo nawa na azot ke ciki, 7.5 ne, sannan ka kawo na ure mai kashi 46 cikin 100, kilo 23 a buhu, su yi gardamar wanne ya fi araha in azot ake nema. Takardar da ke cikin kwalin parasetamol 500 mg akwai awo, akwai tazarar awoyi, akwai gargaɗi, kuma rubutu ne mai wuya na gaske wanda rayuwa za ta sa su karanta. Takardar kuɗin wuta ta NIGELEC da kWh ɗinta ta isa darasin puissance da énergie. In kun zo kan rarrabe ɗanyen mai ta hanyar zafi, ga matatar SORAZ nan kan hanyar Tanut tun 2011, mai ganga 20,000 a rana, ɗanyen man Agadem ke shiga a fitar da esans da gazuwal da gas ɗin girki, ka rubuta ɗan sakin layi a kanta da kanka. Majema da bagaruwarsu, kanwa da ake sa wa wake, duwatsun da garin ke zaune a kai da wahalar ruwan da suke jawo mana, kowanne ana iya yin layi 15 a kansa, kuma malaman fanni ɗaya in suka raba aikin kowa ya rubuta biyu, kafin hutu kuna da tari.

In an gama karatu a kife takarda. Minti uku kowa ya rubuta abin da ya tuna, ko ya mai da rubutun zane da kibau, sannan a buɗe a ga me aka manta. Ƙoƙarin tunowa ya fi maimaita karantawa zaunar da abu a ka. Ga darasin da ke da matakai kamar zagayen ƙwayar palu, rubuta matakan a guntayen takarda ka hargitsa su: macen sauro ta ciji mutum, ƙwayar ta tafi hanta ta hayayyafa, ta shiga jajayen ƙwayoyin jini, su fashe zazzaɓi ya tashi, wani sauro ya sha jinin ya ɗauka. Rukuni su jera su kawo hujjar jerin. Kuma in ka yi tambaya ka yi shiru. Wata mai bincike, Mary Budd Rowe, ta auna ta ga malamai ba sa jira fiye da daƙiƙa ɗaya kafin su amsa da kansu ko su nuna wani, in aka kai daƙiƙa uku amsoshi na ƙara tsawo kuma masu shiru na fara magana. Yaronmu da ke tunani da Hausa yana gina jimla da faransanci ya fi kowa buƙatar wannan jiran, ƙirga biyar a zuci.

Na san abin da za a ce, program fa, ga yajin aiki ya ci makonni, ga zafin Afrilu da ba a iya riƙe yara bayan sha biyu, ga bak na tafe. Gaskiya ne. Amma lissafa mintin da dikte ke ci a awa biyu, in ka ba su rubutun a takarda ka rage dikten zuwa taƙaitawar layi biyar da su suka gina, lokacin ya fito daga nan. Ba kowane darasi ba, sau ɗaya a mako minti 20 ya isa a fara, kuma a fara da ƴan sekond tun Oktoba don su ne ke da shekara uku a gaba. Sannan dole abin ya shiga debuwar, in ba haka ba yara za su gane wasa ne su koma hadda: maki 5 cikin 20 a ware wa ɗan rubutu ko zanen da ba su taɓa gani ba, tambaya ɗaya ta "a wane layi", ɗaya ta analyser, ɗaya ta déduire. Waɗanda kuma ka gano ko haɗa baƙi yana ba su wuya, akwai su a kowane aji, rubuta sunayensu ka kai wa malamin faransanci tare da takardar da za ku karanta mako mai zuwa, ka roƙe shi ya yi karatun ajinsa da ita kwana biyu kafin naka darasin.